Neman taimako: Yaya zan koyar da taitireshon ba tare da isassun kayan aiki ba?

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ina koyar da kimistiri a wata sakandaren gwamnati, ɗalibaina na aji uku kuma WAEC da NECO na tafe. Inda na maƙale shi ne gwajin taitireshon na asid ɗin HCl da alkalin Na2CO3, wato ɗiga asid cikin alkali har launi ya juya don a auna ƙarfinsu.

Biyuret ɗin da ke ɗakin gwajinmu, wato bututun gilashi masu awo da ake ɗiga asid da su, ba su taka kara sun karya ba, wasu ma bakinsu na yoyo. Metil oranj ɗinmu, wato sinadarin da ke sauya launi ya nuna inda za a tsaya, ya ƙare tun zangon da ya wuce. Na gwada ruwan zoɓo a madadinsa, yana ja a asid, ya koma kore-kore a alkali, yara ma sun ji daɗin gani. Amma launinsa a hankali yake juyawa, ba kamar metil oranj da ke barin ruwan ɗorawa da ɗigo ɗaya ba. Kowane rukuni sai ya tsaya inda idonsa ya ga dama, sakamakon ya yi hannun riga. Tsorona su saba da zoɓo, ranar jarrabawa su ga wani launi su rikice.

Akwai wanda ya samo dabarar da ke sa juyin launin zoɓon ya fito sarai? Ko gara in haƙura in sayo metil oranj da aljihuna?

Sannan manhajar hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa (NERDC) da ke hannuna tsohon kwafi ne, shafukansa sun zube. Ina ake samun na yanzu? Waɗanda ke cikin ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya (STAN), bitocinsu na taɓa irin wannan aikin, ko lacca ce kawai? Allah Ya saka da alheri.