Muhawara: A sayi sabuwar kwamfuta, ko a ɗora wa tsohuwar Linux?

Ɗalibi a Beljiyam: Assalamu alaikum. Kawu, na ji kana shirin sayen sabuwar kwamfutar gida saboda Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Ni dai ina ganin asarar kuɗi ce. Na je FOSDEM, taron masu buɗaɗɗiyar manhaja da ake yi duk shekara a jami'ar ULB ta Brussels, kyauta, ko rajista babu. Manyan masu rubuta manhaja na gani riƙe da tsofaffin laftof ƙirar ThinkPad, sitika ta rufe bayansu kaf. Linux suke ɗorawa, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows, aiki na tafiya. Ka sa Linux Mint ka huta.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, su rubutun manhaja ne sana'arsu. Ni katin biki da kalanda nake zanawa da CorelDRAW, kuma babu shi a Linux. Ranar da mai aure ya zo da sauri yana son a canza sunan waliyyi, zan ce masa ya jira in koyi sabon abu?

Ɗalibi a Beljiyam: Akwai Inkscape, Kawu, manhajar zane ce da ke aiki a Linux.

Kawu: Akwai. Amma tarin zanen da na yi shekara da shekaru fa? Ka tabbata zai buɗe su ba tare da rubutu ya karkace ba?

Mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano: Ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Alhaji, abin da ya dame ka tun farko nauyin kwamfutar ne, kuma wannan ba laifin Windows ko Linux ba ne. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, sabon faifai marar juyawa, wato SSD na SATA, kuwa yana kai 500. Canza shi kawai, kwamfutar da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo za ta tashi kafin ka gyara zama. Sai RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a ƙara ta daga gigabait 4 zuwa 8. A duba dai ko DDR3 ce ko DDR4, don ramin ba ɗaya ba ne, kuma kullum sai an kawo mini wanda aka saya bai shiga ba.

Malama: Injiniya, sauri daban, tsaro daban. SSD ba zai toshe ƙofar da aka daina gyarawa ba. A kwamfutar nan ake shiga banki, yara kuma suna sauke duk abin da suka gani. Akwai ƙarin wa'adin gyaran tsaro da Microsoft ta bai wa masu amfani a gida, amma na ɗan lokaci ne.

Mai gyara a Farm Centre: Haka ne, Malama. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesa zubi na 8 zuwa sama in na Intel ne. In bai kai ba, akwai dabarar tilasta mata hawa, amma ni ba na yi wa wanda abincinsa ke kan na'urar.

Ɗalibi a Beljiyam: To ai maganata ta fito! A raba faifan biyu: Linux don intanet da banki, Windows 10 don zane, ba tare da an haɗa ta da intanet ba.

Malama: Wa zai riƙa kashewa yana kunnawa duk lokacin da aka turo hoton ango? Abin da bai zo muku a taron ba shi ne wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta tana cinye batirin sola tun kafin isha'i. Laftof ta hannu, zubi na 8, ta fi dacewa da gidan Kawu. Tsohuwar a sa mata Linux a bar wa yara, manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice ta ishe su aikin makaranta.

Kawu: Kin kashe min kuɗi biyu ke nan, Malama.

Mai gyara a Farm Centre: Kada ka sayi komai tukuna, Alhaji. Ka ɗauko min hoton takardar da ke liƙe a jikin akwatin, in ga lambar ƙirar. Wataƙila ma TPM ɗin yana ciki, a kashe yake a BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar.