Ɗaurewar tsokar ƙafa: ƙarancin gishiri ne ko gajiya?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da masu horar da 'yan wasa da ke wannan zaure. Da zarar bazara ta kama, sai ka ji 'yan dako a Singa da Dawanau da 'yan ƙwallon unguwa suna kukan ɗaurewar sha-raɓa, tsofaffi kuma cikin dare take tashe su. Kowa na cewa ruwa da gishirin jiki ne suka yi ƙasa. Me bincike ya gano? Kuma da gaske kwinin yana maganinta?

Mai Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar gishiri tana da tushe, amma ba ta isa ta bayyana komai ba. In da jini ne ya rasa gishiri, ai da duk tsokokin jiki za su ɗaure tare. To me ya sa sai wadda ta sha aiki kaɗai take ƙullewa? An ɗebi jinin masu tseren dogon zango a Afirka ta Kudu, aka tarar waɗanda ƙafa ta ɗaure musu da waɗanda ba ta ɗaure ba, gishirinsu kusan ɗaya ne.

A 1997 Farfesa Martin Schwellnus na Jami'ar Kef Tawun ya kawo bayanin da ya fi ƙarfi yanzu. Tsoka ba ta motsi sai laka ta aiko umarni ta jijiya. A cikin naman tsokar akwai masu kai rahoton da ke ce wa laka ta ƙara matsewa, a igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi kuma akwai masu cewa ta sassauta. Idan tsoka ta gaji, na farkon sai su zafafa, na biyun su yi sanyi, sai laka ta yi ta aiko umarnin matsewa ba tsayawa. Abin ya fi samun tsokar da ta haye gaɓa biyu, irin sha-raɓa da bayan cinya, musamman in tana a takure. Shi ya sa mai barci da yatsun ƙafa a miƙe ƙasa yake saurin gamuwa da ita.

Maganin nan take shi ne miƙewa, domin jan igiyar nan ne ke tada masu cewa a sassauta. A miƙe gwiwa sosai, a kamo yatsun ƙafa zuwa wajen ƙwauri, a riƙe sakan 20 zuwa 30, a sake har ta saki. Kuskuren da aka fi yi shi ne lanƙwasa gwiwa a yi ta dukan wurin, ko a fizge ƙafar da ƙarfi, wanda ke iya yaga tsoka.

Koci Gwale:
Likita, na yarda, amma kada a yar da gishiri gaba ɗaya. Tun a shekarun 1920 da 1930 an lura cewa masu haƙar kwal a Ingila da leburorin madatsar ruwa ta Huba a Amurka suna samun sauƙi idan an sa musu ɗan gishiri a ruwan sha. Litar gumi ɗaya tana iya fita da kusan giram ɗaya na sinadarin sodiyam. Mai sauke buhu a zafin Afrilu da ya haura digiri 40 yana iya zubar da fiye da lita a awa guda. In ya bi da zallan ruwa mai yawa, sai ya ƙara tsarma gishirin da ya rage. Irin wannan, wanda rigarsa ke yin fari-fari in ta bushe, shi ya dace da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya sha sai da izinin likita.

Akwai kuma binciken da Kevin Miller ya yi a Amurka a 2010. Ruwan tsamin da ake jiƙa kokwamba a ciki ya saki tsoka cikin kimanin sakan 85, lokacin da bai isa gishiri ya kai jini ba. Ana ganin tsamin ne ke taɓa jijiyoyin baki da maƙogwaro, su aika saƙon da ke kwantar da laka. Wannan ma hujjar Likita ce.

Malama Mai Haɗa Magani:
Malam Ɗan Fagge, don Allah a bar kwinin. Yana ɗan rage yawan ɗaurewar, amma yana iya karya ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ya rikita bugun zuciya, ya kawo ƙarar kunne. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2006, ta sake yi a 2010. Kemis ɗin da ke ba tsoho shi don ciwon ƙafa yana jefa shi cikin haɗari.

Ƙwayar maginiziyam da ake tallata wa tsofaffi kuwa, bitar binciken da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya ta tace shi, ta fitar a 2020 ba ta ga wani amfani na a zo a gani ba. Ga masu juna biyu sakamakon ya saɓa wa juna. Abin da ya nuna alamar nasara shi ne miƙe sha-raɓa da bayan cinya kowane dare kafin kwanciya: a wani gwaji a Holan a 2012, mutanen da suka haura shekara 55 sun samu raguwa cikin mako shida. A kuma duba magungunan da mutum yake sha. Masu sa fitsari irin furosemide, da wasu na shaƙa na asma, da na rage kitsen jini, duk suna iya jawo ta. Kada a daina sha da kai, a koma wa likitan da ya rubuta.

Ɗan Fagge:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Yaushe ne ya kamata a wuce asibiti?

Mai Gashin Ƙashi:
Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ciwon bai saki da miƙewa ba, a tafi a ranar, domin yana iya zama gudan jini a jijiya. Haka in fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani. Ciwon da ke zuwa in an yi tafiya ya lafa in an tsaya, alamar ƙarancin kwararar jini ne zuwa ƙafa, kuma ya fi samun masu ciwon sukari da masu shan taba. In ɗaurewar ta zo da raunin ƙafa ko ramewar tsoka, a nemi likitan jijiyoyi, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai sikila kuwa kada ya ɗauki ciwon ƙafa bayan wahala a rana a matsayin ɗaurewa kawai, a kai shi a duba.