Rubutun Photoshop ya yi mini ƙanana a sabuwar laftof, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na canja laftof, na ɗauki mai allo 4K, inci 15.6, da Windows 11. Hotuna suna fitowa tas, amma rubutun da ke jikin Photoshop, sunayen kayan aiki da jerin umarni na sama, ya koma kamar tururuwa. Sai na kai fuskata dab da allo kafin in karanta, kafin yamma idona ya yi ja. Tsohuwar sigar Photoshop, wato CS6, nake amfani da ita. Na shiga Preferences na mayar da UI Font Size zuwa Large, bambancin bai taka kara ya karya ba. Don Allah wanda ya san mafita ya taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ka rage ƙarfin allon daga 3840 x 2160 zuwa 1920 x 1080, komai zai girma nan take.

Wata mai gyaran hotuna: A'a Malam, kada ya yi haka. Rubutun zai girma, gaskiya ne, amma ya sayi allo mai kaifi ne domin ya ga hoto sosai, sai kuma ya rage shi da hannunsa a dukkan manhajoji? Matsalar manhaja ɗaya ce, a gyara ta ita kaɗai.

Wani dattijon ƙungiya: Bari in yi bayanin dalili, don sanin sa zai rage maka yawo. CS6 ta fito a 2012, lokacin da ake tsara manhajojin Windows a kan ɗigo 96 a kowane inci na allo. Naka allon ya cusa ɗigo kusan 282 a inci guda. Harafin da aka zana da ɗigo goma sha biyu yana nan da ɗigonsa goma sha biyu, sai dai kowane ɗigo ya ƙanƙance kusan ninki uku. Sababbin manhajoji suna tambayar Windows girman da za su zana rubutu, CS6 kuwa ba ta san wannan zance ba. Shi ya sa ko ka ɗaga Scale, wato saitin girman rubutu da gumaka na Windows, zuwa kashi 250, sauran manhajoji su girma, ita tana nan yadda take.

Abin da za ka yi: nemo fayil ɗin Photoshop.exe, ka danna shi da ɓangaren dama na linzami, ka shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings. Ka sa alama a Override high DPI scaling behavior, ka zaɓi System. Rufe manhajar ka sake buɗewa. Windows ce za ta riƙa faɗaɗa dukkan tagar da kanta.

Amma akwai abin lura. Windows ba ta bambance rubutu da hoton da kake gyarawa, duka take miƙewa tare. Saboda haka rubutun zai ɗan yi dishi-dishi, hoton ma haka, kuma idan ka sa shi a kashi 100 ba ainihin kaifinsa kake gani ba. Fayil ɗin da za ka adana lafiyarsa ƙalau, ganin ne kawai ya canja. In aikin ƙara kaifin hoto kake yi, ka buɗe sakamakon a wata manhajar ka duba kafin ka miƙa wa mai shi.

Mai gyaran hotunan: Na yarda da Baba. In kuma da hali, sababbin Photoshop sun warware wannan tun sigar 19.1 ta farkon 2018: suna bin Scale na Windows, daga kashi 100 har 400, kuma hoton ba ya dishewa. Akwai ma Scale UI to Font a sashen Interface na Preferences. Sai dai su biyan kuɗi ake yi wata-wata ko shekara-shekara, ba kowa ke so ba.

Wani ɗalibi: Yaya, in kyauta kake so, manhajar gyaran hoto GIMP 3.0 da ta fito a Maris 2025 tana da wurin ƙara girman rubutu a Preferences. Sabo da ita ne zai ɗan ɗauke ka lokaci. Kafin nan, maɓallin Windows da alamar + yana buɗe madubin ƙara girma, Windows da Esc ya rufe shi.

Dattijon: In a tebur kake aiki, haɗa allo na waje mai inci 24 da 1920 x 1080. Ɗigonsa kusan 92 ne a inci, daidai abin da CS6 ta saba da shi. Sannan in ka haura arba'in kuma rubutun waya ma ya fara yi maka wuya, ka leƙa likitan ido, ganin kusa yakan fara raguwa a wannan shekarun.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi hanyar Compatibility, yanzu ina karanta komai ina zaune daidai. Dishin yana nan kamar yadda Baba ya faɗa, ya fi fitowa a ƙananan gumaka. A jerin na ga akwai System Enhanced ƙarƙashin System, akwai wanda ya gwada shi da CS6?