Wace kalma za mu ba bool da Hausa?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Muna rubuta wa ɗalibai bayanin harshen shirya manhaja na C na ƙananan na'urori, sai munka tsaya ga bool, nau'in bayanan da ke ɗaukar true ko false kawai. Wasu sun ce buliyan, tunda daga sunan George Boole ta fito, wasu sun ce sifili-ko-ɗaya. Mi kunka gani?

Injiniyan Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ku bar sifili-ko-ɗaya, sunan ga shi ka sa mutane su ɗauke ta lamba, su rubuta typedef unsigned char bool, wato su laƙa sunan bool ga ƙaramar lamba mai bit takwas. To tun C99 (ƙa'idar C ta 1999), fayil ɗin stdbool.h na mai da bool zuwa _Bool, ainihin nau'in da ke cikin harshen. In fayil guda ya jawo stdbool.h, wani tsohon fayil na mai ƙera guntun na'urar (chip) kuma ya zo da nasa typedef, layin ya koma typedef unsigned char _Bool, ginin ya tsaya. Wanda ma ya tsaya da sauƙi. Duba flag = reg & 0x100, inda amsar ta fito 0x100, wato 256. In _Bool ce, ka samu 1. In unsigned char ce, 256 ba ta shiga cikin bit takwas ɗinta, sai ta zube ta bar 0, na'ura ta ce babu alhali akwai. Tambaya ce bool ke amsawa, shi ya sa nika son i-ko-a'a.

Malamar Arkilla: Na goyi bayan Injiniya. A ƙara da typedef int bool: ga guntun ARM Cortex-M bayit 4 ne, _Bool kuwa 1, sai struct (tarin bayanai) guda ya zan da girma biyu tsakanin fayiloli. Gyara: a bi da grep, umurnin neman kalma cikin fayiloli, a gano duk typedef da enum na true da false, a cire, a sa stdbool.h. In fayil ɗin ba naka ba ne, a kewaye nasu da #ifndef __bool_true_false_are_defined, a jawo stdbool.h tukuna. Sannan a ba da umurnin make clean, kada tsofaffin fayilolin .o na ginin baya su rage.

Injiniyan Runjin Sambo: Malama, a tuna da C23, sabuwar ƙa'idar C, inda bool ta zan kalmar harshen kanta. GCC 15, manhajar da ke gina lambar C, da C23 yake farawa, don haka tsohon typedef zai faɗi ko babu stdbool.h. Ana iya sa -std=gnu17, a koma ga tsohuwar ƙa'ida, kafin a gyara.

Ɗan Mabera: Madalla. Mun ɗauki i-ko-a'a, true ta zan i, false ta zan a'a. Buliyan za mu ambace ta sau ɗaya ga shafin farko.