Musayar waƙa: fil ɗin Alizon da igiyar Lancaster

Malam Na Tudu: Salamu alaikum jama'a, yau Ingila za mu, yankin Pendle a 1612, wata yarinya Alizon Device ta roƙi fil gun ɗan koli John Law ya hana ta, daga nan fa wutar zargin maita ta tashi. Amsa-amonmu "wa", kowa ya ɗora.

Ta tare ɗan koli, fil kaɗai ta roƙa,
Ya ƙi kwance kaya, bai yi ko waigowa.
Ta bi shi da baki, zuciya na ƙuna,
Taku kaɗan sai ga shi can ya yi faɗuwa.
Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi,
Gari ya ɗauka, maita ce ba makawa.
Ita ma ta yarda ita ce ta kama shi,
Gaban alƙali Roger Nowell ta amsa ba musawa.

Uwar Biyu: Malam ka bar wanda ya fi ci min rai, ƙanwarta Jennet, wallahi duk na tuna ta sai na dubi 'yan biyuna.

'Yar shekara tara aka ɗora bisa tebur,
Don kotu ta hange ta a tsakiyar taruwa.
Ta nuna uwar da ta goya ta da yatsa,
Uwar na ihu aka fitar da ita ba tausayawa.
Ta haɗa da yayanta James cikin shaida,
Kaka Demdike ko a kurkuku ta yi mutuwa.
Agusta ya zo, mutum goma a Lancaster,
Igiya ɗai-ɗai, ba mai kuɓutarwa.

Sadau: Yaya ki yi haƙuri, ni zan ɗan tsaya wa mutanen garin.

Kar mu zage su, tsoro ne ya ci su,
Saniya ta mutu, ga ɗa na ta ramewa.
A kaɗa nono man ya ƙi tashi,
Ba likitan da zai ce ga abin da ke faruwa.
Sarki James kansa ya yi littafi kan mayu,
Dokar maita ta 1604 ta ƙara tsanantawa.
In sarki ya yarda, alƙali ya yarda,
Talaka da wa zai je yin gardama kuwa?

Uwar Biyu: Ƙanena na ji ka, tsoron gaskiya ne ban musa ba, amma amsa min wannan.

Me ya sa tsoron bai cika hawa bene ba,
Sai ƙofar tsohuwa mai bara da ramewa?
Ta zo roƙon madara ka kore ta,
Ta tafi tana gunaguni kana jiyowa.
Kwana uku ɗanka ya kwanta da zazzaɓi,
Hanin da ka yi ne ke ta dawowa.
Maimakon ka ce na hana maƙwabciya,
Sai ka ce mayya ce, a zo a yi kamawa.

'Yar Damagaram: Wai ba ƙona su ake ba? Ni haka nake ji tun da. Kuma Yaya baitinki ya tuna min unguwarmu, na taɓa ganin an taru kan wata tsohuwa wai ta kama kurwar yaro sai ta tsallaka shi, har yau ban manta idonta ba.

Malam Na Tudu: A'a 'yata, a Ingila ratayewa ake yi a lokacin, Sikotilan da ƙasashen Jamus ne aka fi sani da wuta. Mafi muni ma sai lokacin yaƙin basasarsu, 1645, da Matthew Hopkins na Manningtree ya fito da abokinsa John Stearne, garuruwa na biyansu kuɗi su zo su nemo musu mayu.

Ya fara da Elizabeth Clarke mai ƙafa ɗaya,
Dare da rana ana gadi, ba runtsawa.
Wanda aka hana barci kwana da kwanaki,
Ko me ka ce ya yi, zai yi amsawa.
A soka tsinke ana neman tabon shaiɗan,
A jefa a ruwa, in ta taso ba tsirawa.
Bury St Edmunds, sha takwas a yini ɗaya,
Har fasto John Lowes, tsoho mai furfura kuwa.

Sadau: To Yaya na sauko, tunda har kuɗi ya shiga. Amma ko a can akwai waɗanda suka ce a'a, Reginald Scot tun 1584, sai fasto John Gaule da ya yi wa Hopkins tsaye a 1646.

Uwar Biyu: Sun kyauta, Allah ya sani. Bari na ɗora da Jane Wenham ta ƙauyen Walkern, 1712, shekara 24 kenan kafin a daina hukunta maita a 1736.

Masu taya alƙali suka ce a rataye ta,
Alƙali Powell bai ga abin kamawa.
Ya nemo mata afuwa daga fadar sarauniya,
Ta fito da ranta, Walkern ba komawa.
Wani mai ƙasa ya ba ta ɗaki a gonarsa,
Can ta tsufa, nesa da masu nunawa.