Wai me ya sa Turanci ba ya cewa childs da foots?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin Turanci a taimaka min. Ina koyar da yara lesin da yamma a unguwa, mun zo kan jam'i na ce musu ai abu ne mai sauƙi, ka ƙara s a ƙarshen suna shikenan, book books, in ya ƙare da ch ko sh ko x ka sa es. To da muka iso kan su man men, foot feet, child children, sheep sheep sai tambaya ta yi min yawa, wata yarinya ta ce tunda mouse mice ne me ya hana house ya zama hice? Na ce mata haka Bature ya ga dama, amma ni kaina amsar ba ta kwanta min ba. Akwai wata ƙa'ida ce a ɓoye ko dai hadda ce kawai?

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam. Malam hadda ce kam, amma ba wai ganin dama ba ne. Waɗannan kalmomi ragowar tsofaffin ƙa'idoji ne da aka daina aiki da su. Turancin da ake yi a Ingila shekara 1000 da suka wuce hanyoyin jam'insa suna da yawa, s ɗin nan ɗaya ce kawai daga ciki, a hankali ta cinye sauran, sai 'yan kalmomin da baki ya saba da su sosai ne suka ƙi bin ta.

Su foot feet, tooth teeth, goose geese, man men, mouse mice, louse lice duk gida ɗaya suka fito. Tun kafin a fara rubuta Turanci jam'insu yana da ɗafi a ƙarshe mai wasalin i, to shi wannan i ɗin sai ya riƙa jawo wasalin tsakiyar kalma zuwa gaban baki, don harshe yana shirin furta shi tun kafin a iso wurin, daga baya ɗafin ya faɗi gaba ɗaya sai canjin wasalin kaɗai ya rage yana nuna jam'i. Jamusanci ɗan'uwansa har gobe yana yin haka, ɓera Maus ne ɓeraye Mäuse. Shi house ba ɗan wannan gidan ba ne, kama ce kawai ta haɗa shi da mouse. A da hus ake cewa, tilo hus jam'i hus, wato ajinsu ɗaya da sheep da deer. Shi daga baya ya karɓi s, su suka tsaya yadda suke. Ga amsar ɗalibarka, kuma ka gaishe ta don tambayar masu kai ce.

Children kuwa shi ne ya fi ba ni sha'awa. Akwai wani ajin da ke yin jam'i da en, yanzu oxen ne ya rage sai brethren da ake ji a coci. Child asalinsa cild ne, jam'insa cildru, ya koma childer, da mutane suka daina jin r ɗin a matsayin jam'i sai suka ƙara masa en a kai. Kenan jam'i biyu ne a kalma ɗaya. Wannan en ɗin a kudancin Ingila ta yi ƙarfi sosai a da. William Caxton wanda ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476 ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya tambayi wata mata egges, wato ƙwai, ta ce ita ba ta jin Faransanci, shi ma ya fusata don bai iya Faransancin ba, sai da wani ya ce eyren yake nufi sannan ta gane. Duk Turawan Ingila ne fa.

Yar_Zazzau:
Ni dariya ma abin yake ba ni in na ji Bahaushe yana kukan jam'in Turanci, mu namu fa? Akuya awaki, tunkiya tumaki, doki dawaki, sa shanu, gida gidaje amma jirgi jirage, kare karnuka, sarki sarakuna, mota motoci. Baƙon da ya zo koyon Hausa wace ƙa'ida ɗaya za ka ba shi ta fisshe shi? Jam'i kan jam'i ma muna yi, mace mata mataye. Kuma yaran nan naka yawancinsu suna zuwa Islamiyya sun san jam'ut taksiri, kitab kutub, rajul rijal, masjid masajid, babu wanda ya taɓa cewa Balarabe ya ga dama ne, haddacewa suka yi suka wuce.

Shawarata Abban Hanifa kar ka jera musu kalma talatin a allo ka ce gobe a kawo hadda, mantawa za su yi. Ka raba su gida-gida kamar yadda Malam ya yi, kuma kowace ta zo a cikin jimla. In yaro ya ce foots kar ka dake shi don Allah, alama ce ya kama babbar ƙa'idar. 'Ya'yan Turawan ma haka suke cewa suna ƙanana, foots, mouses, mans. Akwai wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, a 1958 ta ƙirƙiri wata halitta ta sa mata suna wug, ta nuna wa yara guda biyu ta ce su faɗi jam'i, suka ce wugs alhali ba su taɓa jin kalmar ba.

Bash_Kurna:
To Malam ni matsalata masu f ce. Knife knives, wife wives, thief thieves, leaf leaves, sai kuma a ce chief chiefs ba chieves ba. Ina dalili?

Malam_Nahawu:
Bash a tsohon Turanci f in ta shiga tsakanin wasula biyu v ake furta ta, kuma jam'in wancan lokaci yana da wasali bayan f ɗin, shi ya jawo knives da thieves. Chief baƙo ne, daga Faransanci ya shigo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, shi ya sa bai bi wannan ba. Amma kar ka ɗauke ta ƙa'ida mara ɓaraka, roof ɗan gida ne kuma roofs ake rubutawa, hoof da scarf kuwa duka biyun sun halatta. House ɗin ma bai tsira ba, ka saurara da kyau, houses da z ake furta tsakiyarsa.

Anti_Malama:
Tarihin ya yi daɗi amma ni a ganina ba children da feet ke kayar da yaranmu a WAEC da JAMB ba, waɗannan tun firamare an rera su kamar waƙa. Inda ake faɗuwa shi ne sa s inda ba a sawa, furnitures, equipments, informations, luggages, advices, duk kuskure ne a jarrabawa don sunaye ne da Turanci ba ya ƙirga su, sai dai ka ce a piece of advice ko two pieces of furniture. Kuma laifin ba na yara ba ne su kaɗai, a allon shaguna da takardun ofis suke gani kullum. Ga staffs, in ma'aikata kake nufi members of staff za ka ce.

Sai na aro daga Latin da Girkanci da suka zo da jam'insu na gida, crisis crises, analysis analyses, alumnus alumni, phenomenon phenomena. Criteria jam'i ne, tilonsa criterion, amma sai ka ji babban mutum a taro yana cewa one criteria, wani ma har criterias. Data kam ni na daina faɗa a kanta, asalinta jam'in datum ce amma Turawan da kansu da yawa data is suke cewa yanzu, balle mu da muka mayar da ita abin saya a waya. Na ƙarshe, mother-in-law, s ɗin kan mother take zama, mothers-in-law, haka passers-by da commanders-in-chief. Irin wannan masu tsara tambayoyi suna son ta sosai, don a zaɓin sai sun sa maka mother-in-laws kusa da ita.