Neman suna: fitilar motar nan mai ɓuya cikin bonet, da abin da ke ɗaga ta

Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya man a rai tun shekaranjiya. Wani dattijo ya kawo tsohuwar Honda Accord ta 1988 garejinmu nan Gusau, irin wadda fitilun gaba ke kwance cikin bonet sai an kunna su ɗago kai. Guda ta ɗago guda ta ƙiya. Yaron shagona ya ce Oga mi ake ce ma wagga fitila da Hausa, na rasa abin gaya mai, shekara da shekaru muna aikin wayarin amma sai dai mu ce "mai ɗagowar nan" mu nuna da hannu. Shi ya sa na kawo ta nan.

Na ga sunayen da kuka kawo, Allah shi saka. Wani ɗan'uwa daga Argungu ya ce fitila mai ƙifta ido. Tana da daɗin faɗi amma ƙiftawa abu ne na nan take, kuma kowa zai ɗauka sigina ake nufi. Ɓoyayyar fitila kuwa ba ta kama duka ba, don Porsche 928 fitilunta a fili suke kwance suna kallon sama, tashi kawai suke yi. Wanda ya shiga raina shi ne na wani baba daga Talata Mafara, fitilar kunkuru. Ta fiddo kai in da buƙata, ta maida in an gama. Na gwada ma yara ukku a gareji babu wanda ya tambaye ni mi nike nufi, har 928 ɗin ma sunan ya ɗauke ta tunda kai take ɗagowa.

To amma inda gardamar take shi ne abin da ke ɗaga ta. Na farko dai hannu ne, Cord 810 ta Amurka a 1936 direba ke murɗa hannu daga cikin mota, Opel GT ma liba ake turawa fitilun su mirgina. Waɗannan ba matsala, ta hannu. Saura biyu, bakiyum (wato mai aiki da zuƙe iska) da lantarki.

Da yawanku kun ce a kira bakiyum "ta iska", ni hwa ban yarda ba. Duk bakaniken da ya ji iska hankalinshi zai tafi ga birkin tirela ko taya, wato iskar da aka dunƙule tana turawa. Wannan kuwa akasin haka ne. Injin fetur in yana aiki yana zuƙar iska ta manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga injin, sai a ja siririn tiyo daga nan zuwa wata 'yar tukunya mai faifan roba a ciki, a zuƙe iskar gefe guda, iskar waje ta danno faifan, sanda ta motsa fitila ta tashi. Duk wanda wanzami ya taɓa yi ma ƙaho ya san wanga aiki, ya zuƙe iskar cikin ƙahon ya toshe bakin, ƙaho ya kama fata gam. Haka baƙar tukunyar nan da ke sa birki laushi take aiki. Don haka ni na ce ta zuƙa. In ka ce ma yaro ta zuƙa ce, ya san yoyo zai nema, ya kasa kunne ya ji inda tiyo ke tsotsar iska, ba zai ɓata yini yana gwada fiyus ba.

Ku duba Corvette ta Amurka, ita ta bi duka hanyoyin biyu. Daga 1963 zuwa 1967 lantarki ke juya fitilunta, daga 1968 zuwa 1982 aka koma zuƙa da tiyo rututu da tankin ajiya da bawul, 1984 aka dawo lantarki har 2004 da aka daina irin fitilar. Lotus Elan ta Ingila da ta fito 1962 ma zuƙa ce, cikin ƙarfen shasi na gaba ake ajiye zuƙar. Na farkon zuƙa ke riƙe fitila a sama, in akwai yoyo ka take totur zuƙar ta ragu sai fitila ta fara sunkuyawa kana cikin tafiya da dare, daga baya suka juya abin, sifirin ke ɗagawa zuƙa ke riƙewa ƙasa, ko ta lalace a buɗe za ta tsaya. Ka tuna zafin Afrilu na nan da ƙurar hunturu yadda suke busar da roba, irin wannan mota a ƙasarmu tiyo za ka yi ta canzawa.

Ɗayar kuma, wadda lantarki ke ɗagawa, kar mu ce "mai mota" ko "mai moto", zai rikice da motar kanta, "ta wuta" ma haka tunda fitilar kanta wuta muke ce mata. Ta lantarki ta isa. Ɗan inji ne kamar na waifa da giya da rile, irin na Mazda MX-5 ta 1989 da Accord ɗin dattijon nan, kuma yawanci akwai ɗan murfi a kan injin da za ka murɗa da hannu ta tashi in ta ƙiya.

Na rubuta su jikin allon gareji: fitilar kunkuru ta hannu, ta zuƙa, ta lantarki. In guda ta tashi guda ta kwanta mu ce ta kashe ido guda. Ta dattijo kuwa waya ce ta ci tsatsa wurin soket, mun goge mun ɗaure duka biyun sun tashi. 'Yan'uwa na Birnin Kebbi da Jega ku gwada "ta zuƙa" a garejinku ku gaya man ko yara sun gane ba tare da bayani ba.